Muryar da Ke Fallatsa wa Maƙwabta: Yadda Ake Gano Ciwon Amfilifayar Rediyo

Duk wanda ya taɓa zama kusa da amsa-kuwwar da aka ƙure wa murya a wajen biki ko a bakin kasuwa ya san abin da ake nufi da fashewar sauti. Mai magana yana iyakar ƙoƙarinsa, ƙarar kuma ta cika unguwa, amma kalmomin sun zama kamar ana yaga tsohon ƙyalle. Wannan cuta tana da 'yar'uwa a sararin sama, inda igiyoyin rediyo ke kai-da-kawowa, kuma tata ta fi muni, domin ita ba ta tsayawa ga mai ita. Takan tsallaka ta ɓata maganar mutanen da ke nesa da shi da dubban kilomita, shi kuwa bai sani ba.

Masu rediyon sha'awa mutane ne da gwamnatocin ƙasashensu suka ba lasisin aika saƙo ta rediyo ba don kasuwanci ba. Akwai su a kusan kowace ƙasa, kuma kowanensu yana da lambar kira wadda farkonta ke nuna inda ya fito: ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Ghana da 9G. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a birnin Faris a 1925. Rediyon da mafi yawansu ke amfani da shi a gajeren zango yana fitar da ƙarfin wat 100 ne. Wanda ke son muryarsa ta ƙara nisa sai ya haɗa masa amfilifaya, watau akwatin da ke karɓar wat 100 ɗin nan ya mayar da shi wat 1,000 ko fiye. A Amurka doka ta tsayar da iyakar a wat 1,500. To, a cikin wannan akwati ne matsalar ta fi yawan ɓuya.

Yadda labarin ke farawa kusan iri ɗaya ne kullum. Mutum yana hira da wani a kan mita 20, sai na uku ya shigo ya gaya masa cikin ladabi, ko ba cikin ladabi ba, cewa muryarsa ta fashe, kuma ana jin tarkacenta a gurabun da ke gefe da gefe. Shi a ɗakinsa komai lafiya: fitilu suna ci, allurai suna motsi, fanka tana juyawa. Mai aika saƙo ba ya jin abin da ya aika, kamar yadda mutum ba ya ganin ƙeyarsa.

Abin da ake nema daga amfilifaya

Aikin amfilifaya shi ne ta kwafi siffar igiyar da aka ba ta daidai-wa-daida, ta ƙara mata girma kawai. In an ba ta wat 10 ta fitar da 100, to, in an ba ta 20 ta fitar da 200, in an ba ta 50 ta fitar da 500. Muddin wannan dangantaka ta miƙe sak, siffar muryar ba za ta sauya ba. Amma babu na'urar da ke iya miƙewa har abada. Akwai inda za a kai sai ta fara gazawa: a ƙara mata kashi goma, ta ƙara kashi uku kawai. Daga nan ƙololuwar kowace igiya takan fito a daddatse, kamar tsaunin da aka sare wa kai.

Wannan yana da muhimmanci musamman ga salon aika murya da ake kira SSB, wanda shi ne ya mamaye gajeren zango tsakanin masu sha'awa. A wannan salo ƙarfin siginar yana hawa yana sauka tare da muryar mai magana. In ya yi shiru babu abin da ke fita, in ya ɗaga murya sigina ta kumbura. Saƙon yana cikin hawa da saukar ne. Fāɗin gurbin da muryar mutum ɗaya ke ci bai wuce kilohaz 3 ba, shi ya sa mutane da yawa ke iya jeruwa kafaɗa da kafaɗa tsakanin megahaz 14.000 da 14.350, wanda shi ne duk rabon masu sha'awa a mita 20.

Idan amfilifaya ta karkace, abubuwa biyu takan haifa. Na farko, takan fitar da ninkin siginar: mai aiki a megahaz 7 sai a ji shi a 14 da 21 da 28. Mai aiki a megahaz 28.5 ninkinsa na huɗu yana faɗawa a 114, cikin rabon na'urorin da ke yi wa jiragen sama jagora. Dokar Amurka ta ce irin wannan tarkace, ga na'urorin gajeren zango da aka kafa bayan farkon 2003, dole ya kasance ƙasa da ainihin siginar da desibel 43, watau kusan kashi ɗaya cikin 20,000. Ninki dai yana da sauƙin magani, tun da yana nesa da ainihin siginar, matatar lantarki tana iya tare shi.

Na biyun shi ne mai wuyar sha'ani. Muryar ɗan Adam ba sauti ɗaya ba ce, tarin sautuka ne masu tafiya tare. A cikin amfilifayar da ta karkace waɗannan sautuka sukan cakuɗu su haifi sababbi waɗanda babu su a bakin mai magana. Lissafin ɗan ƙarami ne, ɗalibin sakandare zai iya yinsa a bayan littafinsa. A ɗauki sautuka biyu, ɗaya mai kaɗawa sau 700 a daƙiƙa, ɗaya sau 1,900. A ninka na biyu sau biyu a cire na farko: 3,800 a cire 700, saura 3,100. A ninka na farko sau biyu a cire na biyu: 1,400 a cire 1,900, an samu 500 ƙasa da sifiri. Idan an ɗora waɗannan a kan kilohaz 14,200, ainihin sautukan suna 14,200.7 da 14,201.9, baƙin kuwa suna 14,203.1 da 14,199.5. Ɗaya ya leƙa gonar maƙwabcin sama, ɗaya ta maƙwabcin ƙasa. Bayan su akwai wasu a 14,204.3 da 14,198.3, haka za su yi ta tafiya da ratar haz 1,200 tsakaninsu, suna raguwa a hankali. Suna manne da ainihin siginar, saboda haka babu matatar da za ta iya raba su da ita bayan sun fito. Wannan shi ne fallatsi.

Wani zai ce ai tarkacen kaɗan ne. A amfilifaya mai ƙoshin lafiya baƙin sautukan nan sukan kasance ƙasa da ƙololuwar siginar da desibel 30 ko fiye, watau kashi ɗaya cikin dubu. Kashi ɗaya cikin dubu na wat 1,000 wat ɗaya ne. Akwai masu sha'awa da ke ƙetare teku da wat 5 kacal, har sun mayar da hakan gasa. Idan akwatin ya lalace har ratar ta sauko desibel 20, to, mai shi yana zuba wat 10 a gurbin da ba nasa ba, ninki biyu ke nan na abin da wancan mai ƙetare teku ke da shi gaba ɗaya.

Wani lokaci wanda ake dannewa ba hira yake yi ba. Ranar 26 ga Disamba 2004, lokacin da girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami suka afka wa tsibiran Andaman na Indiya, wata mai rediyon sha'awa, Bharathi Prasad, tana garin Port Blair tare da abokan aikinta, sun je ne don yin hira da duniya daga wuri mai wuyar samu. Da wayoyi suka katse sai tasharsu ta koma hanyar isar da saƙonnin agaji da labarin waɗanda suka tsira. Irin waɗannan tashoshi da batir ko ƙaramin janareta suke aiki, muryarsu siririya ce. Don haka ne aka ware gurabu irin su megahaz 14.300 a matsayin mahaɗar kiran gaggawa. Mai fallatsi da ke kilohaz biyar daga nan yana iya rufe su ruf.

Kafin a kwance murfi

Tsofaffin amfilifayoyi, waɗanda har yau suna cike da ɗakunan masu sha'awa, da bawul suke aiki, watau kwalabar gilashi da aka zuƙe wa iska. Shahararriyar cikinsu ita ce SB-220, wadda kamfanin Heath na jihar Mishigan ya fara sayarwa a 1970 a matsayin kayan da mai saye zai harhaɗa da kansa. Tana da bawul biyu samfurin 3-500Z, kuma suna aiki da ƙarfin lantarki kusan bolt 3,000.

Zuciyar ɗan Adam da lantarki take bugawa. Wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta a samanta na dama shi ke ba da umarni, umarnin ya bi ta tsokar a jere, ta matse gaba ɗaya. Lantarkin da bai wuce kashi ɗaya bisa goma na amfiya ba, in ya ratsa ƙirji, yana iya wargaza wannan jeri, kowane sashen tsoka ya riƙa karkarwa shi kaɗai, jini ya daina tafiya. Abin da ya sa amfilifaya ta fi sauran kayan gida haɗari shi ne cire ta daga soket ba ya kashe ta. A cikin SB-220 akwai kwandansa takwas a jere masu ajiye lantarki, abin da suke riƙewa a cike ya haura jul 100, ya kusanci abin da na'urar farfaɗo da zuciya ta asibiti ke bugawa a ƙirjin majiyyaci. Akwai rasistocin da aka sa don su tsiyaye wannan ajiya, amma a akwatin da ya shekara hamsin ba a rantsuwa da su. Ƙa'idar masu gyara ita ce a cire waya daga bango, a jira allurar bolt ta sauka sifiri, sa'an nan a taɓa kan kwandansa da sandar ƙarfe mai mariƙin roba wadda aka ɗaure da jikin akwatin, kuma a bar hannu ɗaya a aljihu don kada lantarki ya sami hanya daga hannu zuwa hannu ta ƙirji. Ɗalibi ba shi da abin yi a cikin irin wannan akwati sai tare da ƙwararre. Abin farin ciki, mafi yawan binciken ana yinsa ne murfi yana rufe.

Bin sawun cutar

Mai gyara nagari kamar likita yake: ba ya fara yanka, sai ya tambaya, ya auna, ya ware abin da ba shi ba ne. Tambaya ta farko ita ce ko laifin ma na amfilifayar ne. Sai a kashe ta a yi magana da rediyon shi kaɗai. Idan har yanzu muryar a fashe take, to, ciwon yana can baya, a makirufo ko a rediyon, amfilifayar tana ƙara wa ɓarna girma ne kawai. Wani lokaci kuma laifin na mai ƙorafin ne, domin sigina mai ƙarfin gaske tana iya cika rediyon mai sauraro har ta haifi tarkacen a cikinsa. Shi ya sa ake neman shaida daga mutum biyu ko uku a wurare dabam-dabam. A yau akwai rediyoyin karɓa da aka jona da intanet a ƙasashe da yawa, mutum yana iya buɗe ɗaya a kwamfutarsa ya ga faɗin siginarsa a zane, ya kuma ji muryarsa yadda wasu ke jin ta.

Mataki na biyu shi ne a cire eriya a maye gurbinta da eriyar gwaji. Wannan rasista ce mai om 50, daidai da abin da amfilifaya ke sa ran gani, wadda ke shanye ƙarfin ta mayar da shi zafi ba tare da ta watsa komai ba. Kamfanin Heath ya daɗe yana sayar da wata wadda ake tsomawa cikin gwangwanin fenti cike da mai don sanyaya ta. Amfaninta biyu ne. Ana gwaji ba a damun kowa, sa'an nan ta raba gardama: idan fashewar ta ɓace a kan eriyar gwaji ta dawo a kan ta gaske, to, ciwon yana waje.

Abin da ya fi jawo haka shi ne siginar ta dawo wa mai ita. Wani sashe na ƙarfin yakan biyo bayan wayar eriya ya gangaro ɗaki, ya shiga wayar makirufo, ya koma cikin rediyon, a sake ƙara masa ƙarfi. Alamunsa a bayyane suke. Muryar takan yi gargada, matsalar takan tsananta a wani zango ta lafa a wani, takan ragu in an rage ƙarfi, wani lokaci ma makirufon ƙarfe yakan ɗan ƙona leɓen mai magana. Maganinsa ba tsada: a naɗa wayar eriya da ta makirufo a jikin zoben ferait, a gyara haɗin ƙasa, a nisanta eriya daga ɗaki. Mutane da yawa sun sayi sababbin bawul masu tsada alhali zobe ɗaya suke bukata.

Idan fashewar tana nan a kan eriyar gwaji, sai a koma ga gwajin sauti biyu. Maimakon murya, wadda ba ta tsayawa wuri ɗaya balle a auna ta, sai a ba rediyon tsarkakan sautuka biyu masu ƙarfi ɗaya. Haz 700 da 1,900 da aka yi lissafi da su a sama su ne waɗanda ɗakin gwaje-gwajen ARRL, ƙungiyar masu sha'awa ta Amurka, ke amfani da su. A ɗebi ɗan kaɗan daga abin da ke fita a kai shi osiloskof, na'urar da ke zana siffar lantarki a allo. Amfilifaya mai lafiya takan zana jerin ƙwai kwance, kowane da kai mai zagaye, suna haɗuwa da juna a tsini mai kaifi. Duk wata karkata daga wannan siffa tana da ma'anarta.

In kawunan sun baje, an ƙure ta ne. Wannan shi ne ciwon da ya fi kowane yawa, kuma ba a cikin akwati yake ba, a hannun mai shi yake. Allurar ma'aunin wat tana da nauyi, ba ta iya bin saurin murya. Lokacin da ƙololuwar magana ke taɓa wat 1,000, ita sau da yawa ba ta kai rabin haka ba. Mai akwati ya ga allura a ƙasa, ransa ya ɓaci, ya ƙara wa makirufo ƙarfi har sai ta tashi. Ribar da yake nema ba ta taka kara ta karya ba. A ma'aunin mai sauraro, mataki ɗaya desibel 6 ne, watau sai an ninka ƙarfi sau huɗu. Daga wat 1,000 zuwa 1,200 bai cika desibel ɗaya ba, kunne ba zai lura ba. Tarkacen kuwa ba haka yake tafiya ba: a bisa ƙa'ida, duk desibel ɗaya da aka ƙara wa sigina, baƙin sautukan farko sukan ƙaru da uku. Akwai wata waya da ake kira ALC wadda amfilifaya ke gaya wa rediyo da ita ya sassauta, amma takan yi magana ne bayan ƙololuwar farko ta riga ta wuce. Mai dogara da ita kamar direba ne da ke taka mai har ƙasa yana jiran birki ya cece shi.

Kawuna suna kuma bajewa in ba a daidaita amfilifayar da kyau ba. Mai bawul tana da maɓallan juyi biyu a gaba, ɗaya na daidaita kaɗawa, ɗaya na ɗora kaya, watau yawan ƙarfin da ake bari ya wuce zuwa eriya. In kayan ya yi sauƙi, bawul yakan kai iyakarsa da wuri, rarar lantarkin ta afka wa ragar da ke tsakiyarsa. Wannan raga a 3-500Z wat 20 kawai take iya ɗauka, alhali farantin bawul ɗin yana ɗaukar 500. Saboda haka allurar da ta cancanci a sa wa ido ita ce ta lantarkin raga. Ƙwararru sukan daidaita a cikakken ƙarfi, su ɗan ƙara kaya kaɗan fiye da inda wat ya fi yawa, su yarda da asarar 'yan wat don samun tsabta.

In kuwa kawunan lafiya suke amma mahaɗar ƙwai ta tsuke ko ta yanke, to, ciwon na ƙasa ne, na silo. Bawul da taransisto ba sa fara aiki a miƙe daga sifiri. Taransisto na silikon, ga misali, ba ya buɗewa sai an ba shi kusan bolt 0.6. Don haka ake barin ɗan lantarki yana gudana ko da ba a magana, kamar injin mota da ke silo a bakin danja. In silon ya mutu, ƙananan sassan murya sukan ɓace, manya su fito da fizga. Dubawa ba wuya: a danna maɓallin magana a yi shiru, a karanta allurar faranti, a gwada da abin da littafin akwatin ya ce. In ta kwanta a sifiri, mai yiwuwa bakin rile ya yi datti bai saki bawul daga halin jira ba. In ta haura fiye da kima kuma faranti yana ja tun ba a yi magana ba, a tuhumi diyod ɗin da ke tsayar da silon, wanda a SB-220 na bolt 5.1 ne, kuma yakan ƙone idan wuta ta yi tartsatsi a cikin bawul. Akwai kuma ƙananan amfilifayoyi masu araha da ake ƙerawa ba silo ko kaɗan. Waɗannan ba lalacewa suka yi ba, haka aka haife su; sun dace da FM, inda ƙarfin sigina ba ya hawa da sauka, amma a SSB babu gyaran da zai sa su yi magana da tsabta sai an sake musu tsari.

Siffa ta uku ita ce a ga gefen ƙwan yana rawa, masu sauraro kuma su ce akwai gurnani a ƙarƙashin muryar. Wannan daga wutar da ke ciyar da akwatin ne. A ƙasashen da wutar gida ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kamar Nijeriya da Nijar da Turai, gurnanin yakan fito a haz 100. A Amurka, mai 60, a haz 120. Kwandansan da ke lallashe wutar suna da ruwan sinadari a ciki, yana bushewa da shekaru. Masu ƙera su suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rayuwarsu da rabi. Ɗaliban ilmin halittu za su gane wannan lamba, domin ita ce suka koya game da saurin aikin sinadaran jiki, wanda ke kusan ninkawa da kowane digiri 10. Dokar sinadari ɗaya ce a cikin ƙadangare da cikin kwandansa. Akwatin da ya yi shekaru a ɗaki mai sanyi a Kanada ba zai yi irin wannan tsawon rai a zafin watan Afrilu na Sakkwato ba.

Ko kwandansa lafiya, wutar kanta tana iya durƙushewa. Amfilifaya ba ta jan wuta bai-ɗaya, da kowace gaɓar kalma take fizga. Ƙaramin janareta ko siririyar waya ba sa iya bin wannan fizga, bolt ya faɗi daidai lokacin da aka fi bukatarsa, ƙololuwa ta datse. Rediyon wat 100 mai aiki da bolt 13.8 yana jan kusan amfiya 20. In wayar batir da mahaɗanta suna da turjiyar kashi ɗaya bisa goma na om kawai, bolt 2 sun tafi a hanya. Sau da yawa goge tsatsar kan batir ya isa.

Saura ciwon da ya fi ɓoyewa. Wayoyin da ke cikin akwati, komai gajartarsu, suna da nasu kaɗawar, a irin SB-220 sama da megahaz 100. Bawul mai ƙarfi yana iya kama wannan ya fara kaɗawa da kansa a can, na ɗan ƙiftawar ido, a kan ƙololuwar murya. Alamunsa su ne ƙara kamar ta bindiga, tartsatsi a maɓallin sauya zango, allura mai tsalle ba dalili. Don hana shi ake ɗaura wa kan kowane bawul ƙaramar rasista da 'yan zagayen waya a jikinta. Zafi yakan dafa rasistar a hankali har ƙimarta ta sauya ko ta tsage, sau da yawa ido ma yana gani. Wani Ba'amurke, Richard Measures, ya yi rubuce-rubuce a mujallar QST daga 1988 yana ɗora wa wannan ciwo alhakin lalacewar amfilifayoyi da dama, wasu injiniyoyi suka ce ya zuzuta, wasu ɓarnar daga iskar da ta saura cikin bawul ne ko daga kuskuren daidaitawa. An daɗe ana wannan muhawara. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne rasistar da ta ƙone a sauya ta.

Kunne ma yana yi

Baƙin sautukan nan ba injiniyoyi ne suka fara jin su ba. Wani makaɗin goge na Italiya, Giuseppe Tartini, ya bayyana a littafinsa na 1754 cewa in ya kaɗa tsirkiya biyu tare yakan ji sauti na uku wanda babu mai kaɗa shi. Sautin a cikin kunnensa ake ƙera shi. A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, a cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kusan 12,000 a jere uku, waɗanda ke miƙewa suna tsukewa tare da sauti don su ƙara masa ƙarfi. Amfilifaya ce ta tsoka da ruwa, kuma da gangan ba ta miƙe ba: tana ƙara wa raɗa ƙarfi sosai, tana ƙara wa tsawa kaɗan. Ba don haka ba da kunne ɗaya bai iya jin motsin sauro da rugugin aradu ba.

A 1978 wani masani a Landan, David Kemp, ya sa ƙaramin makirufo a kunnen mutum ya nuna cewa kunne yana fitar da sauti waje. Daga nan aka sami hanyar gwada jin jarirai tun suna kwana ɗaya ko biyu a duniya. Ana sa wa jariri sautuka biyu a kunne, a saurari na uku, wanda ake samu in an ninka ƙaramin sau biyu an cire babban. Lissafin nan ne dai na 700 da 1,900. Bambancin kawai shi ne ga mai rediyo fitowar sautin alamar ciwo ce, ga jariri kuwa rashin fitowarsa ne ke sa a tura shi ƙarin bincike.

Injiniyoyi sun daɗe suna neman hanyar miƙar da abin da ba ya miƙewa. A watan Agusta 1927 Harold Black na kamfanin Bell, yana cikin jirgin fito a kogin Hudson kan hanyarsa ta zuwa aiki, ya zana wata dabara a shafin jaridar da ke hannunsa: a ɗebi kaɗan daga abin da amfilifaya ta fitar, a juya shi, a mayar mata ta baki, ta gyara kuskurenta da kanta. Dabarar tana cikin kusan kowace amfilifaya a yau. Rediyoyin da kwamfuta ke sarrafawa sun ƙara mataki. Suna sauraron abin da ke fita, su auna yadda akwatin ke karkatar da sigina, sa'an nan su karkatar da ita tun da farko ta ɗaya gefen, don in ta ratsa ta fito a miƙe. Manhajar PureSignal, wadda Warren Pratt ya rubuta wa masu sha'awa, tana iya saukar da baƙin sautukan daga desibel 30 zuwa 50 ko fiye ƙasa da sigina, watau wat ɗayan nan da ke faɗawa gonar maƙwabci ya koma kashi ɗaya bisa ɗari na wat. Amma tana gyara lanƙwasa ne kawai. Inda bawul ya kai iyakarsa, ko wuta ta durƙushe, babu ƙarfin da za ta ƙirƙiro, dole mai akwatin ya mayar da maɓallin ƙarfi baya har kawunan ƙwan su koma zagaye a allo.